Rasuwar Mai Goyo, Wuƙar Ɗantsoho na Gumel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kube wayam rataye a wuyana, ni Ɗantsoho ɗan Ilu, mai fataucin hatsi a Gumel, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar rasuwar wuƙata, wadda aka fi sani da Mai Goyo. Rai ya yi halinsa ranar Talatar nan da ta wuce, da hantsi, a maƙerar Cindo ta Gagarawa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ta cika a tafin hannuna, a gaban shaidu. Duk wanda wannan takarda ta iske a kasuwa ko a zaure, in ya iya karatu, ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na san akwai masu dariya, musamman Fulanin hanyar Sule Tankarkar, waɗanda dama tsakaninsu da mu Mangawa sai tsiya da ba'a tun kaka da kakanni. Na yafe musu tun kafin su fara. Ba su zauna da marigayiya ba, ba su san abin da aka rasa ba.

An haifi marigayiya a ƙasar Faransi, a wani gari da ba mu san sunansa ba. Ba mu san iyayenta ba, amma duk wanda ya dubi ƙarfenta ya san 'yar gidan mutunci ce. Ta shigo ƙasarmu a shekarar da Nasara suka zo kafa turakun iyaka tsakaninmu da Damagaram, a aljihun wani kuku mai dafa wa Bafaranshe abinci. Na fara ganinta ranar wata Alhamis a kasuwar Maigatari, kukun yana zaune a gindin tsamiya yana yankan farce da ita, abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Na shiga kasuwar nan da jakina da kayan gero a bayansa. Na komo Gumel a ƙasa, ba jaki, ba gero, ba rigar sama, kuma ban taɓa yin tafiyar da ta yi min daɗi kamar ta ran nan ba.

Ga waɗanda Allah bai nufa sun gan ta ba, marigayiya ba irin wuƙaƙenmu ba ce masu tsayuwa ƙiƙam. Ita naɗewa take yi ta kwanta cikin mariƙinta na baƙin ƙaho, da 'ya'yanta a bayanta, kowa a makwancinsa. Akwai babban ruwan wuƙar, wanda mutum kan ga haƙoransa a ciki. Akwai ɗan zarto, akwai basilla. Sai autansu, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsini, wanda aka sha gardama a kansa a kasuwanni. Wanzaminmu ya ce na cire haƙori ne. Wani baduku ya ce na huda fata ne, ya roƙa ya gwada, na hana. Kukun da ya sayar min ba ya jin Hausa sosai, sai ya nuna min da hannu kamar mai murɗa wani abu a bakin kwalba, sannan ya ɗaga kai kamar mai sha, ya yi tangaɗi, ya yi dariya. Daga nan na gane abin na masu ba da magani ne, na ƙara girmama shi.

Mai ɗakina Larai ce ta raɗa mata suna. Da na iso gida na buɗe 'ya'yan a gabanta ɗaya bayan ɗaya, ta dube su, ta leƙa bayana ko za ta ga jaki, ta ce, "Malam, wannan mai goyon ita za ta riƙa kai maka gero kasuwa?" Ba da nufin yabo ta faɗa ba, amma sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Marigayiya ta yi zaman lafiya da kowa. Ba ta taɓa zubar da jinin wani mai rai ba, ko na kaza. Ba ta taɓa shiga rigimar kasuwa ba, ba a taɓa kai ta gaban alƙali ba. A gaskiya, a duk shekarun da muka yi tare ba ta taɓa yankan komai ba, domin ban ga abin da ya kai ta yanka ba. Ba ta da ci. Ɗan man shanu a bakin ƙyalle ranar Juma'a ya ishe ta har wata Juma'ar. Ba ta da surutu kuma, maganarta biyu ce a duniya. In an buɗe ta, ta ce ƙyas. In an rufe ta, ta ce taf. Na sha zama a zaure bayan la'asar ina buɗe ta ina rufe ta, muna hirarmu, har mutane su taru. Ko a shekarar yunwar Kakalaba, da jama'a suka sayar da ƙyamaren ɗakunansu don abin kai wa baka, an yi min tayi a kanta, na ce ba a sayar da na gida. Ƙyauren dai muka sayar, kamar kowa.

Albarkarta ce ta buɗe min ido, na fara ganin abin da sauran mutane ba sa gani a jikin ƙarfe. Daga zuwanta gidana ya zama masaukin wuƙaƙe. Barhon wani tsohon mahauci na Gagarawa ya zo, ya tafi da ragon layyar shekarar. Askar wani wanzami da aka ce ta yi wa kakannin rabin Gumel aski ta zo, ita ma ba da hannu wofi ta bar rumbuna ba. Matsefata ta jan ƙarfe ta zo, ni da ba na shiga ƙaya. 'Yar wuƙar Sajo, makiyayin da ke rugar hanyar Sule Tankarkar, mai mariƙin icen ƙirya da hannu ya goge har yana ƙyalli, na yi damina guda ina bin sa kafin ya sallama. Daga shi sai makiyayan da ke kusa da shi suka ji labari, kowa ya riƙa tare ni a hanya da tasa, ni kuma ban iya wulaƙanta baƙo ba. Sa'o'ina a fatauci sun yi dawaki, sun ƙara gonaki, wani har ya yi soro. Ni ina da bango cike da wuƙaƙe, kuma duk wanda ya shiga ɗakina ya ga bangon nan sai ya yi shiru.

Ba zan ce abin bai da wahala ba. Mai wuƙaƙe ba ya barci da damina, don tsatsa ba ta sallama. Ba ya jin daɗin baƙo, don baƙo yana son taɓawa. In ya ji an ce wane yana da wata wadda babu irinta, abinci ba ya shiga har sai ya je ya gani, in ya gani kuma ya shiga uku. Na rame a kan wuƙaƙen da ban samu ba fiye da yadda zazzaɓi ya taɓa ramar da ni.

Akwai maganar da ake yawo da ita a unguwa, gara in faɗe ta da bakina. Gaskiya ne, duk tsawon shekarun nan Larai aron wuƙa take yi a gidan maƙwabciyarmu A'i in za ta yanka kuɓewa. Tata ta ɓata tun da daɗewa, na yi alkawarin sayo mata wata, amma duk wadda na sayo da sunanta, in na iso gida na dube ta da kyau, sai in ga ta fi ƙarfin madafi. Kuɓewa tana da yauƙi, albasa tana da wari, kabewa tana dakusar da kaifi. Na yi wa Larai wannan bayani sau da yawa cikin natsuwa. Takan saurara har in gama, sannan ta yafa zane ta nufi gidan A'i. Har ta kai in A'i ta ji sallamarta ba ta tambayar abin da ya kawo ta, sai dai ta miƙo wuƙar ta kan danga.

Larai mace ce mai haƙuri, amma ta ja min layi ɗaya. Tana da jar saniya, gadon mahaifiyarta, wadda ke kiwo a hannun Sajo, ita ce kaɗai dabbar da ta rage da sunan gidanmu. Wata rana tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, jaki ya tafi na yi shiru. Rago ya tafi na yi shiru. Ran da jar saniyar nan ta koma ƙarfe, ran nan sai ka zaɓi mai tuƙa maka tuwo a cikin waɗanda ke bango, ni na koma gidanmu." Na san Larai. Ba ta faɗin magana sau biyu.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya samu marigayiya.

A makon jiya na shirya zuwa rugar Sajo don in duba lafiyar saniyar, kasancewar tana da tsohon ciki. Lafiyarta kawai na je dubawa. Maganar da wasu ke yi cewa akwai wani Buzu da ya sauka a Maigatari da wuƙar damtse mai kuben koren fata da ado na azurfa, wai kuma ya ce ba ya karɓar komai sai saniya, wannan magana ce dabam, haɗuwa kawai suka yi a lokaci. Na ga wuƙar, ban musa ba. Na riƙe ta, na sa ta a damtsena ta zauna kamar don ni aka yi ta. Amma ban ce masa komai ba, in ban da tambayar yaushe zai tashi. Da na fito da sassafe sai na tarar Larai ta riga ni shiri, da ƙwarya a ka, wai ita ma za ta je karɓo man shanu. Muka kama hanya.

Mun iske su Sajo a bakin rijiya ana shayar da shanu. Mutanen wajen sun san zurfin rijiyoyinmu, ba a jan ruwan garke da hannu. Babban guga na fata ake zurawa da igiyar kiri, a ɗaura wa takarkari, a kora shi ya ja. Jar saniyar ta hango Larai, ko kuwa ruwan komi ta hango, Allah ne masani, ta kutso ta tsallaka igiyar daidai lokacin da ta yi sako-sako. Igiya ta naɗe mata ƙaho da wuya. Takarkarin ya ji nauyin da bai saba ba ya firgita ya zabura, gugan ya taso ya maƙale a ƙarƙashin gungumen bakin rijiya. Igiya ta ɗaure tamau, rijiya na riƙe da gefe ɗaya, takarkari na jan ɗayan, wuyan saniyar Larai a tsakiya. Ta durƙusa, harshe ya fito, idanu suka juye. Maza suka rataya a jikin takarkarin, shi kuwa sai ƙara ja yake yi. In ta mutu a haka ta zama mushe, ita da abin da ke cikinta, ko naman ba mai ci.

Sajo ya yi ihu a kawo wuƙa. Ya shafa ƙugunsa, babu. Makiyayan da ke wurin kowa ya shafa nasa, babu. Sai duk suka juyo suka dube ni, domin wuƙaƙensu gaba ɗaya suna Gumel, a bangon ɗakina, sun sha mai suna hutawa. Sajo ya ce, "Aradu Bamange, ka kwashe wuƙaƙen ƙasar nan kaf, yau ga ranarsu. Ciro ta wuyanka."

Zan faɗi abin da ya faru daidai, don kada a ji shi daga bakin Sajo da ƙari. Hannuna ya kai kan kuben, ya tsaya. Na san kiri, busasshiyar fatar sa ce da aka murɗa, ta sha rana ta sha rairayi, gatari ma yana jin jiki a kanta. Na san abin da zai samu Mai Goyo. Sajo yana cewa na tsaya har an isa a dama fura a sha, wannan ƙarya ce irin tasu. Tsayuwar ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma na ji tsawonta. Larai tana gefe da ƙwaryarta a ka, ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba.

Na ciro ta. Cikin gaggawa na buɗe, sai ga basilla. Na sake buɗewa, sai ga autan nan murɗaɗɗe, wanda ko a ranar bai nuna amfaninsa ba. A na gaba babban ruwan ya fito ya ce ƙyas, da muryar nan tata da na sani, kamar dama jira take yi. Na durƙusa a wuyan saniyar na ɗora ta a kan igiya. Jama'a, ashe tana da ci. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane kaifinta ban taɓa gani ba, sai ran nan. Ta shiga kirin nan har rabi kafin bakinta ya fara ɓantarewa. Da ruwan ya gaji na buɗe zarto, ya karɓi aikin uwarsa, haƙoransa na zuba a ƙasa yana ci gaba. Sai igiyar ta tsinke da ƙarfin takarkari gaba ɗaya, ta fizge marigayiya daga hannuna ta maka ta da gungumen rijiya. Maganarta ta ƙarshe ita ce ƙaras. Bayanta ya karye, ƙusar da ke riƙe da zuriyar ta fita, 'ya'ya suka watse cikin rairayi. Basilla ta faɗa rijiya, har yanzu tana can.

Saniyar ta ja numfashi, ta yi tari, ta miƙe, ta nufi komi ta sha ruwa kamar ba don ita aka yi ba. Ni kuwa na zauna a ƙasa, ban ji kunyar kowa ba, na yi hawaye.

Larai ce ta sauke ƙwaryarta ta bi rairayin nan da yatsu tana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Ta kama bakin zanenta na saƙi, wanda take ji da shi, ta yage, ta naɗe su a ciki ta miƙo min da hannu biyu. A hanyar komawa mun yi nisa, sannan ta ce, "Malam, ni fa ɗazu ba saniyar nake kallo ba. Hannunka nake kallo." Muka ci gaba da tafiya, sai na lura ta rage sauri muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, abin da rabonmu da shi tun kafin a kafa turakun iyaka.

Washegari na ɗauki majinyaciya zuwa Gagarawa wurin Cindo, wanda duk ƙasar nan ba maƙerin da ya kai shi sanin ƙarfe. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya gwada ƙusa irin tamu, ta ƙi zama. Ya ɗumama bayan a wuta ko zai haɗu, ya ƙi. Ranar Talata ya ajiye awartaki, ya goge hannu, ya ce, "Ɗantsoho, sai haƙuri. Abin da ke sa ta ce taf ɗin nan shi ne ya karye, kuma ba a ƙera shi a ƙasar nan." Na karɓe ta, na gwada rufe ta sau ɗaya, ba ta ce komai ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai riƙonta. Ta bar zarto, wanda ya tsira ba haƙori ko ɗaya, da autanta murɗaɗɗe, wanda ko ƙwarzane bai yi ba. Ta bar 'yan uwan zama cike da bango, waɗanda ba a gaya musu ba tukuna. Ta kuma bar jar saniya da cikinta, suna nan lafiya a rugar Sajo, ya ce in ta haifi mace sunanta Mai Goyo, in namiji ne kuma Ɗantsoho, don ya riƙa samun abin kora da sanda. Na bar shi da Allah.

Game da jana'iza, na tuntuɓi limamin unguwarmu. Ya ce ƙarfe ba ya bukatar salla, in yi sadaka kawai, in kuma riƙa yi wa matata godiya. Na so a binne ta a gindin ɗorawar gonata, Cindo ya ce binne irin wannan ƙarfe almubazzaranci ne, ba da shi ba. Saboda haka aka tsaya a kan cewa zai gyara abin da ya rage na babban ruwan, ya wasa shi, ya sa masa mariƙin ice, a kai shi makwancinsa na ƙarshe, wato madafin Larai. Autan zai zauna a kuben wuyana. Wanda ya san ainihin aikinsa ya zo ya faɗa min, ba don komai ba sai don a san gadon da aka bari.

Za a yi zaman makoki a zaurena da ke Gumel ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a raba gumba ba. Sadakar da za a yi ita ce ta bango: duk wanda ya zo gaisuwa zai shiga ɗaki ya sauke wuƙa ɗaya ya tafi da ita, da sharaɗin zai yi aiki da ita. A'i ce za ta fara zaɓa, kuma kada kowa ya hanzarta ta. Bayanta sai Sajo da makiyayan rijiya, kowa ya ɗauki tasa ta asali, ba wadda ta fi ta kyau ba, ina kallo. In an ga na juya baya lokacin da ake saukewa, a ƙyale ni. Buzun Maigatari kuwa, in ya ji labari ya zo ta'aziyya, a tare shi a ƙofar gari a karɓi gaisuwarsa a can, a ce na gode, domin zuciyar mai makoki ba ta yi ƙwari ba tukuna.

Masu zuwa daga nesa kada su ci abinci a hanya. Larai ta ce za ta yi tuwon gero da miyar kuɓewa ɗanya, wadda za ta ishi kowa. A zo a ci, a sa albarka. Kuɓewar a gidan nan za a yanka ta, da wuƙar gidan nan.